Dutsi, Kwalli da Gwal: Sunayen Duwatsun Ƙasar Zamfara

Matafiyin da ya taso daga Tsafe ya nufi Sakkwato yana ratsa ƙasa iri biyu. Daga Kwatarkwashi zuwa Gusau, Bunguɗu da Maru, manyan duwatsu ne tsaye a gefen hanya, wasu sulɓi kamar an goge su, wasu a tsattsage. Da ya wuce Talata Mafara ya shiga ƙasar Bakura, sai duwatsun su ja baya, rairayi ya yawaita, tuddai su zama jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai. A wannan tsakanin ne tsohon dutsen da ya haura shekara miliyan 600 yake nutsewa ƙarƙashin yashi da laka waɗanda ruwa ya shimfiɗa daga baya. Talata Mafara, Bakura da Maradun suna zaune a bakin wannan iyaka.

Mutum uku ne suke raɗa wa duwatsun wannan ƙasa suna: mutumin gari mai aiki da su, masanin ilimin ƙasa mai auna shekarunsu, da dillalin da ke sayensu. Kowannensu da harshensa, kuma ba kasafai suke jin juna ba. Abin da nake son nunawa shi ne wannan rashin jin juna yana da tsada. Yana sa a sayar da abu mai daraja da araha, ya kuma taɓa sa aka shigar da guba cikin gida da hannu biyu.

Sunayen gida

Bahaushe yana kiran dutse da aikin da yake yi masa. A bakin Zamfarawa da Sakkwatawa ma kalmar “dutsi” ce, kuma tarihin baka ya ce Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yau, shi ne mazaunin farko na sarakunan Zamfara kafin a kafa Birnin Zamfara. Idan dutse ya shimfiɗu ana shanya a kansa, fa ne. Idan ya ɗaga sama ya yi tsawo, tsauni ne. Jan dutse mai huji-huji da ake sara a yi harsashin gini ko a ɗaure bakin rijiya, marmara ne. Ƙananan da ake zubawa a hanya tsakuwa ne ko burji. Wanda ake narkawa a fitar da ƙarfe tama ne, kuma da shi maƙera suka riƙe noma da yaƙi ɗaruruwan shekaru kafin ƙarfen Turawa ya shigo. Mai tauri da ake ƙyasta wuta da shi ƙanƙara ne, sunan da ya haɗa shi da ƙanƙarar ruwan sama saboda fari da sheƙi. Akwai farar ƙasa ta shafe ɗaki, da yumɓu na maginan tukwane, da kanwa ta miya da dabbobi, da dutsen niƙa da ɗansa. Har abin adon da mata ke ratayawa a wuya duwatsu ake ce masa, ko da na gilashi ne.

Wannan tsari yana da ƙarfi, domin duk wanda ya ji sunan ya san abin da zai yi da abin. Rauninsa kuma a nan yake: dutsen da ba a san aikinsa ba bai samu suna ba. Kore ne ko shuɗi, mai kusurwa shida ne ko mai ɓarewa falle-falle, duk “dutse” ne. Kakanninmu ba su yi sakaci ba, kasuwar irin waɗannan duwatsu ce ba ta iso gare su ba. Da ta iso, sai ta zo da sunayenta.

Sunayen da suka zo da ayari da littafi

Yawancin sunayen abubuwa masu tsada baƙi ne a Hausa, sai dai sun daɗe har sun zama ’yan gida. Zinare ko zinariya daga dinarin Larabawa yake, su kuma sun karɓo sunan daga wani kuɗin Rumawa wanda asalinsa na azurfa ne. Azurfa kuwa daga harshen Buzaye da danginsu ta zo, ta hanyar ayarin Sahara. Zaiba, farin ruwan ƙarfen nan da masu wankin zinare ke kama ƙwayoyinsa da shi, sunan Larabci ne. Haka ma’adini. Ɗalibin zaure yana haɗuwa da wannan kalma a babin zakka na littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, inda aka bambanta abin da aka haƙo daga ma’adini da rikazi, wato dukiyar mutanen da da aka tono a binne, wadda ake fitar wa da humusi. Ke nan malamanmu sun yi magana kan hakkin da ke cikin arzikin ƙarƙashin ƙasa tun kafin a san da lasisin haƙa.

Lu’ulu’u, murjani da yakutu duk an ambace su a Suratur Rahman, kuma ta nan da waƙoƙin wa’azi masu siffanta Aljanna suka shiga kunnen jama’a, tare da zumurrudu da zabarjadi. A Larabci lu’ulu’u abin cikin teku ne, wata halittar ruwa ce take yin sa a cikin ɓawonta, murjani ma daga teku yake. A Hausar yau lu’ulu’u ya zama laƙabin kowane dutse mai ƙyalli, har da daiman. Saboda haka idan aka ce an samu lu’ulu’u a wani daji, maganar ba ta faɗi komai game da irin dutsen ko kimarsa ba. Mun gaji sunaye masu daɗin ji, amma mafi yawanmu ba mu taɓa riƙe abin da suke nufi a tafin hannu ba.

Duk da haka Hausawa sun yi fataucin dutsen ado da gaske. Jan dutsen da masu sana’ar Ilori suka shahara da hudawa suna gogewa su yi lantana, fatake Hausawa ne suke kawo shi daga yankin Kogin Kwara na ƙasar Nijar ta yau. Sunan ya zauna har ya zama sunan da ake kiran mata da shi. Lantana shaida ce cewa idan dutse ya shiga hannunmu da kasuwarmu, harshe yana samar masa suna ba tare da wahala ba.

Sunayen masana

Masanin ilimin ƙasa yana kiran dutse da asalinsa da shekarunsa. A wurinsa duwatsu gida uku ne. Akwai wanda ya narke a cikin ƙasa sannan ya daskare, kamar giranit na Kwatarkwashi. Akwai wanda ruwa ko iska suka tara shi hawa-hawa har ya ƙame, kamar dutsen yashin ƙasar Bakura. Na ukun shi ne rikiɗaɗɗen dutse, wanda zafi da matsi a can cikin ƙasa suka sauya masa jiki ba tare da ya narke duka ba. Laka takan koma shist, kalmar da tushenta na Girkanci ke nufin abin da ake tsagawa, domin yana ɓarewa falle-falle. Dutsen yashi yakan koma kwazait mai tauri. Giranit kansa yakan koma nais mai ratsin fari da baƙi.

Irin waɗannan duwatsu, tare da giranit da ya kutsa cikinsu, su ne harsashin da kusan rabin Nijeriya ke zaune a kai. Wasu daga cikinsu a wajajen Kaduna an auna su sun haura shekara miliyan 3,000. Babban abin da ya ba su siffarsu ta yau ya faru kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin doron ƙasa suka yi karo, duwatsu suka lanƙwashe suka tsattsage. A cikin wannan harsashi akwai dogayen zirin shist da suka miƙe daga arewa zuwa kudu, kuma masana sun raɗa musu sunayen garuruwan da ke kansu: zirin Anka, zirin Maru, zirin Wonaka, zirin Zuru, zirin Birnin Gwari, zirin Kushaka. A zirin Maru akwai dutsen ƙarfe mai ratsi-ratsi. A zirin Anka akwai wata babbar tsaga da ta bi ta Yawuri ta gangara kudu har ƙasar Yarbawa, kuma a jikin irin waɗannan tsagogi ne ruwan zafi ya hau, ya bar jijiyoyin farin dutse ɗauke da zinare. Abin da ya sa ramukan gwal na Anka, Bukkuyum da Maru suke jere a kan layi ke nan, ba a warwatse ba.

Wani suna da ya kamata a fahimta shi ne “tsohon giranit” da “sabon giranit”. J. D. Falconer ne ya kawo wannan rabo a littafinsa na 1911 kan ƙasar Arewacin Nijeriya. Tsohon shi ne irin na Zamfara da Katsina da Zariya, ɗan zamanin wancan karo. Sabon shi ne na Jos da Ririwai mai ɗauke da kuza, wanda shekarunsa suke wajen miliyan 150 zuwa 200. Sabo ne kawai idan aka gwada shi da yayansa.

Daga Bakura zuwa yamma kuwa, sunayen shimfiɗun ƙasa tamkar kiran sunayen ƙauyukanmu ne. Ta ƙasa duka, wadda ta kwanta kai tsaye a kan tsohon dutse, ita ce shimfiɗar Gundumi: tsakuwa da yashi da laka da tsofaffin koguna suka zubar fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Masana sun yi nazarinta a Dutsin Dambo da bakin Tafkin Natu, kuma a cikinta ana samun kututturan itatuwa da suka koma dutse. A kanta akwai Taloka, Dukamaje da Wurno, sannan Dange, Kalambaina da Gamba, sai Gwandu a sama. Wasu daga cikin waɗannan a ƙarƙashin teku suka kwanta, lokacin da ruwan gishiri ya ratso Sahara ya rufe ƙasar Sakkwato. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi ragowar halittun wannan teku ne. A shimfiɗar Dukamaje aka samu ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da kada, wadda a 1972 masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo.

Ɗalibin ilimin ƙasa a Ibadan ko Landan yana haddace Gundumi da Dukamaje da Maru don cin jarrabawa, alhali yaron da aka haifa a waɗannan wurare bai san sunan garinsu yana cikin littattafan duniya ba. Kuma wannan sani yana da amfani na yau da kullum. Mai haƙa rijiya a kan tsohon dutse, kamar yawancin ƙasar Maru da Anka, sai ya dace da tsaga ko ruɓaɓɓen dutse zai samu ruwa, shi ya sa burtsatse biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ya kawo ɗaya ya bushe. A shimfiɗar Gundumi kuwa yashin kansa ne yake riƙe ruwa. Kogin Sakkwato, wanda aka datse a Bakolori a 1978 don ban ruwan gonakin Maradun, Talata Mafara da Bakura, daga kan tsohon dutse yake gangarowa, kuma yashi da lakar da yake zubarwa a fadamu garin waɗannan duwatsu ne.

Sunayen kasuwa

Duwatsun ado masu launi yawanci a wani irin dutse ake samunsu da masana ke kira fegmatait. Shi ne ragowar narkakken giranit, wanda ya cika tsagogi ya huce a hankali har ƙwayoyinsa suka girma, wasu kamar yatsa, wasu kamar damtse. A cikinsa ake samun turmalin da akwamarin, da ma’adinai irin su tantalait da litiyam da duniya ke rububi a yau. Shahararren zirinsa a Nijeriya ya taso daga Oyo da Ekiti ya bi ta Nasarawa zuwa kudancin Kaduna. Ganet, jan dutse mai kama da ƙwayar rumman, inda sunansa na Latin ya samo asali, yakan tsiro a cikin shist kansa yayin rikiɗa. Safaya kuma an san Nijeriya da ita a tsaunin Mambila da kudancin Kaduna.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da aka raɗa a nan. Turmalin daga harshen mutanen Siri Lanka yake. Akwamarin Latin ne, ma’anarsa ruwan teku. Shi ma “gwal” da ya kori “zinare” daga bakin masu haƙa, daga Ingilishi yake, kuma ya zo da ma’auninsa: giram ya maye gurbin miskali. Aron kalma ba laifi ba ne, zinare ma aro ne. Matsalar ita ce a kasuwar dutse suna shi ne farashi. Dutse biyu kore, ɗaya zumurrudu ɗaya farin dutsen da wani sinadari ya rina, a ido ɗaya suke, amma tazarar kuɗinsu ta wuce misali. Wanda ya san sunan shi ne mai yanke farashi, kuma sau da yawa ba shi ne ya shiga rami ba.

Misalai biyu sun isa. A shekarun 1980 an gano wani turmalin shuɗi mai haske a jihar Paraiba ta Burazil, aka sa masa sunan jihar. Wajen 2001 aka samu irinsa a jihar Oyo, daga baya kuma a Mozambik. Har yau da sunan Paraiba ake sayar da na Nijeriya a kasuwannin duniya. A Tanzaniya kuwa, shuɗin dutsen da aka gano a 1967 kusa da Arusha, kamfanin Tiffany na Amurka ya raɗa masa suna tanzanait, kuma duk inda aka ambace shi an ambaci ƙasar. Dutsen Oyo yana tallata Burazil, na Arusha yana tallata ƙasarsa.

Kwalli da dalma

Inda rarrabuwar sunaye ta fi yin ɓarna shi ne a kan dutse ɗaya mai suna uku. Akwai wani baƙin dutse mai nauyi, mai ƙyalli kamar azurfa, mai fashewa murabba’i-murabba’i. Masana suna ce masa galina. A kasuwa, idan aka niƙa shi aka zuba a tandu, kwalli ne ko tozali, abin ado ga amarya da jariri. Idan aka narka shi kuma, abin da yake fita shi ne dalma, ko darma. Ita kanta kalmar dalma a tsohuwar Hausa ta haɗa ƙarfe biyu, na galina da na kuza, domin garin Ririwan Dalma na ƙasar Bauci da narka kuza ya yi suna. Don haka babu abin da ke cikin waɗannan sunaye da zai gaya wa uwa cewa kwallin idon ɗanta da dalmar harsashi da batirin mota daga dutse ɗaya suke. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun samu gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

A wasu jijiyoyin zinare na zirin Anka, dalma tana tare da gwal a dutse ɗaya. Da farashin zinare ya tashi, mutane suka riƙa kwaso dutsen zuwa cikin gari. Ana fasa shi a tsakar gida, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke a bakin rijiya, a shanya a inda yara ke rarrafe. A watan Maris na 2010 ma’aikatan Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa da jijjiga da suma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dareta, Abare, Tungar Daji, Tungar Guru, Sunke, Duza, ’Yar Galma, daga baya Bagega. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin Bagega ma sai a 2013 aka yi shi. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Talauci da rashin kulawar hukuma suna da babban kaso a wannan musiba, kuma ba na rage musu nauyi. Amma iyayen nan “dutsen gwal” suka shigar gidajensu. Sunan ya faɗi ribar, bai faɗi gubar ba. Kalmar “gubar dalma” ta yaɗu ne bayan an haƙa ƙananan kaburbura. Rashin sani ya fi dare duhu.

Aikin da ke gabanmu

A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma’adinai a Zamfara saboda ta’addancin ’yan bindiga, a watan Disamba na 2024 ta ɗage hanin. Tsarin mulkin 1999 da dokar ma’adinai ta 2007 sun sa mallakar duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma ita ke ba da lasisi. Amma dokar ta tanadi cewa mai hayar haƙa sai ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al’ummar wurin kafin ya fara aiki. Hakimi ko dagacin da aka kawo wa takarda da Ingilishi, cike da sunayen da bai taɓa ji ba, da wane ma’auni zai auna abin da ake nema a ƙasarsa? Haka manomin da aka ce a gonarsa akwai “dutse”, aka ba shi abin da bai kai kuɗin buhun taki ba.

Abin da ake buƙata mai yiwuwa ne. Masana ilimin ƙasa da masana Hausa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami’ar Tarayya ta Gusau, tare da malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, su zauna da maƙera da magina da masu haƙa, a tattara sunayen da ake da su tun kafin tsofaffin da suka san su su ƙare. Inda Hausa take da suna, a riƙe shi a kuma tsare ma’anarsa, kada a ci gaba da kiran dutsen mabul mai santsi da marmara alhali marmara jan dutsen gini ne. Inda babu, a ari na waje a lanƙwasa shi yadda baki zai iya, a haɗa shi da siffarsa: launinsa, nauyinsa, yadda yake fashewa, abin da yake jan sa a kasuwa, da cutar da ke tattare da shi. A sa samfurin duwatsun a makarantun sakandare, kowanne da sunansa a rubuce da boko da ajami. A karanta su a rediyo kamar yadda ake karanta farashin hatsi. A fara da galina, a riƙa ce masa “dutsen dalma” a ko’ina, a rami da kasuwa da ɗakin mai jego.

Yaran Maradun da Bakura da Talata Mafara za su girma a lokacin da kamfanoni daga nesa za su zo neman abin da ke ƙarƙashin gonakin iyayensu. Hakkinsu ne su tarbi waɗannan baƙi suna sane da abin da ake nema, da kimarsa, da haɗarinsa, kuma su iya faɗinsa da harshensu.